Inda Fuskar Iliya Take Kallo

Ina aji uku a sakandare na fara ganin ƙyallen. Umma ce ta aike ni in ɗauko mata almakashi a akwatin ƙarfen da Baba ya dawo da shi daga aikin soja, sai na gan shi a ƙarƙashin tsohuwar hularsa. Fari ne, bai wuce tafin hannu biyu ba, gefe ɗaya an yi masa ado da zare, ɗaya gefen kuma da gani yage shi aka yi. Ƙamshin kafur yake yi. A lokacin babu littafin soyayyar da ake kawowa Agege daga Kano da ban karanta ba, don haka kafin in rufe akwatin na gama tsara labarin a kaina: wata doguwa mai fararen idanu a Laberiya, ta yagi gefen mayafinta tana hawaye, jirgin ruwa yana kiran sojoji.

Sakina, Bilki, da sauran ƙawayena na shagon ɗinki, tun da na dawo kuke tambayata, "Yaya Laberiyar? Kin ga mai ƙyallen?" Ni kuma kullum sai in ce sai an tashi aiki. Shekaru sun shige a haka. To ga shi yau na zauna.

Sai na fara da Gwaggo Hajara, don ba domin ita ba da babu tafiyar. Mijinta Iliya ɗan gidan masu goro ne, abokin Baba tun suna wasan ƙwallo a bakin layin dogo. Tare suka shiga soja, tare aka tura su Laberiya cikin rundunar da ƙasashen yankinmu suka haɗa don raba yaƙin can. Baba ya dawo, Iliya bai dawo ba. An datse musu hanya a wani ƙauye, Iliya ya rasu da raunin harsashi, Baba ya binne shi shi kaɗai. Ranar da ya je yi wa Gwaggo gaisuwa tambaya ɗaya ta yi masa: "Garba, ka dubar da shi gabas?" Baba ba ya ƙarya. Ya ce ruwa ake yi kamar da bakin ƙwarya, daji ya rufe sama, bai ga rana ba, bai sani ba. Tun daga ranar bai sake taka ɗakinta ba. Duk sallah yakan aika mata da cinya daga mayankar da yake gadi, amma shi iyakarsa bakin ƙofa.

Da ciwo ya kwantar da ita muka je dubiya. Baba ya tsaya a waje kamar kullum, ita kuwa ta ɗaga murya daga kan katifa.

"Saje, ina jin tarinka, ba sai ka ɓuya ba. Ni ban ce ka kawo min shi ba. Ni dai na san gabas za a dubar da ni. So nake in sani ko wuri ɗaya za mu riƙa kallo."

Washegari Baba ya shigo gida da farin yadi a leda. Umma na gani ta ɗora hannu a ka, don a wurinmu dattijo ba ya sayen farin yadi don kwalliya.

"Malam, likkafani ka sayo? Wa ya ce maka ka kusa?"

"Ba nawa ba ne. Na wata mata ce, Ma Yassa. Laberiya za ni."

Gabana ya faɗi, amma na daɗi. Ga suna ya fito! Idon Baba ya riga ya fara yana, ba ya iya karanta allon mota, don haka Umma ta ce ko dai ya tafi da ni ko ta ɓoye takalmansa. Na shirya kaya, na sa littafi uku a jaka, har da turare, don kada in sadu da Ma Yassa ina warin hanya.

Danfo, ƙaramar bas ɗin Legas, ya kai mu tashar Mayil Tu, daga can muka shiga doguwar mota mai zuwa Ghana. A iyakar Seme na fara ba da kunya. Aka ce kowa ya fito da katin allurarsa. Na zazzage jakar hannu, babu. Sai na tuna na saka shi a cikin littafi, daidai inda na tsaya da karatu, littafin kuma yana cikin babbar jaka a ƙasan buhunan mutane. Sai da aka sauke rabin kayan motar. Direba yana ta zagi da Yarabanci, yana zaton ba na ji, ni da aka haifa a Agege. Da muka zauna sai Baba ya juyo gare ni.

"To, a ƙalla sun yi auren?"

"Su wa, Baba?"

"Na cikin littafin. Tunda mota guda ta tsaya dominsu."

Kusa da mu akwai wata Hajiya mai fataucin atamfa, wadda ta san kowane shinge da sunan mai tsaronsa. Da ta ji inda za mu sai ta juyo gaba ɗaya.

"Saje, don Allah in tambaye ka. Me aka ba ku? Mu a gida ba wuta ba ruwa, aka kwashi 'ya'yan mutane aka kai su mutu a dajin wasu. Laberiya ta haɗa kaka da mu ne?"

"Hajiya, in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa."

"Ai wannan zancen rediyo ne."

"Haka manya suka gaya mana a filin fareti," in ji Baba. "Gaskiya ce kuma. Sai dai ban ga gemun ko ɗaya daga cikinsu a dajin ba."

Hajiya ta yi dariya har da tafa hannu, ta ɓare lemo ta miƙa masa. Na lura duk shingen da muka zo, tun kafin mota ta tsaya Baba yake ɗora hannayensa biyu a kan gwiwa, a buɗe, inda za a gan su. Kwatano, Lome, duk haka. Ban taɓa sanin yana yi ba.

A Ankara ta Ghana muka sauka a Zango, unguwar Hausawa, gidan wani fatoma, mai masaukin fatake, da ya saba saukar da dangin Iliya tun zamanin fataucin goro. Sunan gidan su Iliya kawai Baba ya ambata aka share mana ɗaki. Hausarsu ta ba ni dariya, matar gidan ta dube ni ta ce, "Yarinyan nan ya gaji." Da safe ta kawo wake da shinkafa jajawur a ganye, an ɗora taliya da garin rogo da ƙwai da baƙin yaji, duk a wuri ɗaya. Na ce a raina wannan ai haɗin gambiza ne. Sai da na nemi ƙari.

Abijan ba mu daɗe ba. Faransancina bai wuce gaisuwa ba, amma ko'ina ka ga mai shayi ko mai tsire, ɗan Nijar ne, sai ka yi sallama kawai. Mun tsaya a wata rumfa muka ji ana ta kiran "Garba! Garba!" Baba ya amsa da ƙarfi, "Na'am!" Ashe abincinsu ne, wani dambun rogo da soyayyen kifi. Mai rumfar, mutumin Maraɗi, ya ce tunda mai sunan ya zo da kansa ba zai biya ba.

Daga nan hanya ta fara lalacewa. Mun bi ta yamma har muka tsallaka iyaka. A can gefen Laberiya muka ɗauki wata tsohuwar mota ta wani direba mai suna Flomo, mutum mai kimanin shekara arba'in da wani abu, da tabo a wuya. Da suka gaisa da Baba sai na ji ƙas! Mutanen can in sun yi musabaha sukan ja yatsun juna su ƙyasta. Hannun Baba ya yi da kansa, kamar jiya ya bari. Flomo ya dube shi da kyau.

"Oga, ka taɓa zuwa ƙasar nan."

"Na taɓa."

"Da kaki."

"Da kaki."

Turancinsu kamar ana haɗiye ƙarshen kowace kalma, amma wanda ya tashi da broka ta Legas zai kama. Mun yi tafiya mai nisa cikin gonakin roba kafin Flomo ya sake magana, idonsa a kan hanya. Ya ce shi ma yana cikin yaƙin, a ɗaya ɓangaren. An ɗauke shi daga makaranta bindiga ta fi shi tsawo. Ya ce sojojinmu ne suka ciyar da uwarsa a sansanin gudun hijira, kuma wasu masu irin kakin ne suka kwance injin niƙan kawunsa suka tafi da shi.

Na ji haushi, na buɗe baki zan kare ƙasata. Baba ya taɓa hannuna.

"Duka biyun an yi," ya ce.

"Wataƙila ni na harbi abokinka, Oga."

"Wataƙila. Wataƙila ni na harbi naka." Baba ya laluba aljihu ya fito da goro, ya ɓare, ya miƙa masa rabi ta kan kujera. "Kula da ramin can."

A littattafaina, in maƙiya biyu suka haɗu sai an yi shafi uku ana jawabi. Su waɗannan goro kawai suka tauna.

Neman ƙauyen ya ba mu wuya. Baba bai riƙe sunansa daidai ba, gadar kututturen da yake tunawa kuma an mai da ta siminti. Abu ɗaya ya rage masa: cocin garin ba shi da ƙararrawa, ƙarfen tayar mota suka rataye a bishiya suna bugawa. Muka shiga ƙauye muka fita, muka shiga wani, mutane suna ta nuna mana gaba. Muka kwana a wani masauki da ruwa ke ɗiga daidai kan gadona. Na fara tunanin me za mu gaya wa Gwaggo in mun koma hannu rabbana, in ma mun same ta da rai. Da yammacin washegari, Flomo ya kashe mota don ta huce, muka zauna a bakin hanya, sai muka ji ƙwal, ƙwal, ƙwal daga bayan wani tudu. Baba ya miƙe tsaye har hularsa ta faɗi.

Na fesa turarena. Ina faɗa muku gaskiya, na fesa.

Aka nuna mana wani gida a ƙarshen gari. Wata 'yar tsohuwa ce zaune a kan turmi tana korar kaji daga shanyar shinkafa, ba ta fi kafaɗata ba, haƙori biyu ya rage mata, da lofe a baki. Ta girmi Baba nesa ba kusa ba. Flomo ya ce, "Ga Ma Yassa." Na duba bayanta ko akwai wata.

Ba ta gane Baba ba. Ya durƙusa ya fito da ƙyallen daga aljihun gaba. Ta karɓa, ta kai shi dab da ido, ta shafa zaren da babban yatsa. Sai ta cire lofen ta ƙwala ihu da yarensu, ta kama kunnuwan Baba biyu tana girgiza kansa kamar yaro. Flomo yana dariya ya fassara: "Ta ce sojan nan ne mai kuka."

Ƙyallen, ashe, gefen farin zanen cocinta ne, wanda take ɗaurawa ranar Lahadi. Shi kaɗai gare ta. Da ta ga Baba yana neman abin da zai naɗe gawa, ta ciro shi ta ba shi. Zanen ya yi tsawo, Baba ya yage gefen, ya cusa a aljihu bai ma sani ba.

Ta ja mu can bayan gidanta, inda kabarin yake. Na tsaya a bakin shinge, don a gida mace ba ta shiga maƙabarta, ko ta mahaifinta ce. Baba ya waiwayo.

"Zo mana, Rukayya. Ke ce idona."

Mu kabarinmu tudun ƙasa ne, damina biyu ta shafe shi, kuma haka muke so. Su kuwa suna da rana guda a shekara da kowa ke fita ya share kabarin nasa ya shafa masa farar ƙasa. Na Iliya an jera masa duwatsu farare tas, ba ko ciyawa ɗaya. A gefen kai akwai bishiyar goro, doguwa, ta yi inuwa. Ma Yassa ta ce baƙo ba shi da mai share masa, shi ya sa ta haɗa shi da marigayi mijinta, duk shekara tana yi musu tare. Goron kuma daga aljihun mamacin ta ga guda ɗaya ya faɗo, ta tura shi cikin ƙasa.

Baba ya yi sallama ga abokinsa, ya yi addu'a mai tsawo. Sannan ya ce wa Flomo ya ba ta haƙuri. Ya ce ya tuna ranar ya fara haƙa a cikin rogonta, ta zo tana yi masa faɗa, ta ture shi, ta ja layi da ƙafa ta nuna masa nan zai haƙa. Ya bi layinta don kada ya ɓata mata gona, shi ya sa har yau bai san inda ya dubar da ɗan'uwansa ba.

Da Flomo ya gama fassarawa, tsohuwar ta dubi Baba kamar ta ga wawa. Ta yi magana mai tsawo tana nuna wani kango a ƙetaren shinge.

"Ta ce wane rogo? Ana yaƙi wa yake ta rogo? Ta ce wancan kangon gidan maƙwabcinta ne, Bamandinge, Musulmi. Tun tana amarya take ganinsa ta saman shinge yana kai goshi ƙasa, kullum wajen wancan tudun. Da 'yarsa ta rasu ita ta riƙe uwar, ta ga yadda aka kwantar da yarinyar a kan dama, fuska wajen tudun. Yaƙi ya kore su. Ta ce ta gan ka kana haƙa a karkace, ta yi ta gaya maka, kai kuwa sai kuka kake ba ka ji. Shi ne ta ja maka layi."

Baba ya zauna a ƙasa, a kan jar lakar nan, da farar rigarsa. Bai yi kuka ba. Ya riƙa shafa dutse ɗaya yana cewa, "Iliya, ashe an yi maka. Ashe an yi maka."

Na ciro wayata zan duba alƙibla. Ya ji motsina ya ce in mayar, ya ji daga bakin da ya fi waya. Na mayar. Amma da suka juya na sake cirowa, don na san Gwaggo, sai ta tambaya. Na tsaya a bayan kabarin na daidaita. Kibiyar ta nuna tudun, ta ɗan karkata hagu kaɗan, irin karkatar da ko sahun masallacin unguwarmu yana da ita.

Da Baba ya miƙa mata farin yadin na ji kunya, don a wurinmu kamar ka ce wa tsohuwa ta shirya ne. Ita kuwa ta warware shi, ta yafa, ta taka rawa a tsakar gida jikokinta suna tafi. Ta ce za ta sa shi zuwa coci har ya saba da jikinta, in ta mutu a naɗe ta a ciki. Ta dafa mana shinkafa da miyar ganyen rogo, manja har yana kwanciya a sama, ta ɗaga kifin da cokali ta nuna wa Baba tun bai tambaya ba. "Ta ce ta san ku, ba kowane nama kuke ci ba," in ji Flomo. Da za mu tafi ta sa aka ɗebo goro daga bishiyar, ta naɗe a ɗanyen ganye da hannunta, ta ce a kai wa matar.

Ban karanta ko shafi ɗaya a hanyar dawowa ba. Ina rungume da ƙunshin ganyen, ina yayyafa masa ruwa yadda matan gidan goro suke yi, ina roƙon Allah ya sa mu tarar da ita.

Mun tarar da ita. Daga tasha ko gida ba mu biya ba. Baba ya cire takalmi a bakin ƙofar nan da ya shekara da shekaru yana tsayawa, ya ɗaga labule ya shiga.

"Hajara, gabas yake kallo."

"Ka gani da idonka?"

"Idona ya tafi. Rukayya ta gani."

Ta juyo gare ni. Na gaya mata komai, tudun, fararen duwatsun, tsohuwar da lofenta, har karkatar kibiyar ban ɓoye ba. Ta buɗe ganyen, ta ɗauki goro ɗaya ta juya shi a hannu, ta sunsuna.

"Ɗan gidan goro," ta ce. "Ko a can sai da ya kafa sana'a."

Likita ya ce ba za ta ga azumin shekarar ba, amma ta ga wannan ta ga wasu bayansa. Ta raba goron ga dangin Iliya, ta bar guda ɗaya ta dasa a tsohon bokitin fenti a bakin ƙofarta. Kullum da hantsi Baba yakan je ya zauna kusa da bokitin, ita tana ciki, suna musu a kan ko ruwan ya yi yawa.

Bara ta rasu. Mu mata muka zauna a gida, maza suka tafi da ita. Da Baba ya dawo na ga jar ƙasa a gwiwoyinsa biyu. Ɗanta ne ya shiga ramin, amma an ce Baba ya durƙusa a baki ya miƙa hannu ya laluba, bai yarda a rufe ba sai da ya tabbatar da kansa. Umma ta kawo masa ruwa ta ce, "An yi, Malam?"

Ya sha, ya ajiye kofin.

"An yi. Wuri ɗaya suke kallo."